Surukata Tana Zaton Haɗinta Ne Ya Kawo Mini Haihuwa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, ko da yake in kika ga fuskata yanzu za ki ce wannan ba ta da wata damuwa a duniya. Kuma da gaskiyarki, ban taɓa jin daɗi irin na bana ba. Da hannu ɗaya nake rubuto miki, ɗayan yana tallafe da 'yar da na yi shekara bakwai ina roƙon Allah ya ba ni. Sai dai a cikin murnar akwai abin da ya tsaya mini a wuya, na rasa wa zan faɗa wa, don duk waɗanda abin ya shafa nawa ne, kuma ina ƙaunarsu.

Ni tela ce. A wani shago nake aiki inda muke ɗinka kayan makaranta, mu mata a jere, keke kusa da keke, fanka ɗaya a sama tana watsa mana zare a ka. In lokacin komawa makaranta ya zo, iyaye kan cika shagon da yara, ni ce mai durƙusawa da tef ina auna ƙugu da kafaɗa, yaro yana zillewa yana dariya wai ina masa cakulkuli. Nakan taya su dariyar. In na koma gida ne nake zama a bakin gado, hannuna yana ƙanshin 'ya'yan mutane.

Maigidana mai aski ne. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ba ya hutawa, almakashinsa kan riga shi gajiya. Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, ita a ƙasa mu a sama, kuma Inna nake ce mata kamar yadda yake ce mata. Anti, ina so ki san wace ce Inna kafin in ci gaba, kada ki ɗauka ƙararta na kawo. Duk shekarun nan ba ta taɓa yi mini kallon banza ba. Akwai ranar da wani kawun maigidana ya zo, ana cikin hira ya yi mini habaici a kan rashin haihuwa. Inna ta tashi ta ɗauko masa takalmansa ta ajiye a gabansa, ta buɗe ƙofa ta tsaya. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara taɓa ni a dangin.

Cikin wannan ƙaunar ne ta fara yi mini wani haɗi. Takan dafa wasu ganyaye, ta zuba sabulun ruwa mai ƙamshi, da gishiri, da ɗan ruwan maganin nan na wanke ciwo, da turare, ta ɗura a robar ruwa ta hau bene da shi duk da ciwon gwiwarta. Ta ce in riƙa wanke gabana da shi har can ciki, safe da yamma, wai ciki ba ya zama sai wuri ya yi tsaf. Ni kuwa da ma ina fama da fitar wani farin ruwa mai ƙarni da nake jin kunyar faɗa wa kowa, sai na ga ai ga magani ya zo har gida. In na wanke sai in ji wasai kwana biyu, daga nan abin ya dawo fiye da da. Sai in ce ƙazanta ce ta yi mini yawa, in ƙara yawan wankin. In marata ta dame ni, in biya kemis in karɓi 'yan ƙwayoyi, in sha rabi in watsar da sauran. Haka na yi ta yi shekara da shekaru.

Wata rana a wurin aiki mara ta murɗe ni har na kasa taka keke. Mai shagonmu ta sa ni a mota ta kai ni asibiti, aka haɗa ni da wata likitar mata. Ita ce ta fara yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini, wai da me nake wanka, kuma har ina nake wankewa. Na zayyana mata haɗin Inna cikin alfahari, ina jiran ta yaba mini tsafta. Sai ta ajiye biro ta dube ni da tausayi. Ta ɗebi ruwan da ɗan auduga aka kai ɗakin gwaji, ta sa aka duba mahaifar da hanyoyin da ƙwai ke bi, ta ce kuma sai maigidan ya zo shi ma an gwada shi.

Ranar da muka koma tare ta yi mana bayani. Ta ce a gaban kowace mace akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, kuma ba duka ne na cuta ba. Akwai masu amfani, su ne ke sa wurin ya ɗan yi tsami, tsamin nan kuma shi ke hana miyagun yaɗuwa. Wankin ciki da sabulu da turare yana kwashe masu amfanin, sai miyagun su samu fili su hayayyafa, wani lokaci su haura har mahaifa su sa ta kumburi, ciki ya yi wuyar shiga ko ya yi wuyar zama. Ta ce nawa masu amfanin saura kaɗan su ƙare, ga kumburi a mahaifa, amma na yi sa'a hanyoyin ƙwan ba su toshe ba. Maigidana ya saki baki yana saurare, can ya ce ashe duk shekarun nan yana da surukai a gida da bai taɓa gaisarwa ba. Likitar ta yi dariya har da share hawaye, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ta rubuta mana magani mu biyu, ta ja mini kunne in shanye nawa har ƙarshe, in daina wankin ciki gaba ɗaya, ruwa zalla ya isa, shi ma daga waje. Ba ta yi mana alkawarin komai ba, ta ce mu gyara abin da muka gani, sauran na Allah ne. A hanyar gida na ce da maigidana ni dai ba zan iya duban idon Inna in ce mata haɗinta ne ba. Ya bugi ƙirji ya ce in bar masa, ai uwarsa ce, ya san ta inda zai ɓullo mata. Daga ranar kuwa roba ba ta ƙara zuwa ƙofata ba, sai na ɗauka ya yi maganar, ita kuma kawaici ya hana ta tayar mini da ita.

Ƙarnin ya ɗauke, ya ɗan dawo sau ɗaya aka sake mini magani, ya tafi ke nan. Watanni suka yi ta wucewa shiru, har na fara cire rai. Sai wata safiya ina ɗiga wa kekena mai, warin man da na saba da shi tun ina budurwa ya juya mini ciki, na fita da gudu. Matan shagon suka bi ni da ido, suka dubi juna. Da aka tabbatar mini a asibiti na kira maigidana a waya, ashe yana tsakiyar yi wa wani aski. Ya bar bawan Allah da rabin kai a aske, da tawul a wuya, ya taho asibitin a ƙafa yana haki. Har yau mutumin yana zuwa shagon, wai shi ne ya fara sanin labarin. Inna kuwa da ta ji, ta zauna a matakalar bene ta yi kuka, ta tashi ta yi rawa, ta manta da gwiwa.

Na haihu lafiya, mace, mai kumatu da gashi cike da kai, babanta yana ta cika baki wai ga kwastoma ya samu. Mata suka cika falon Inna suna ganin jaririya. A nan ne, a gaban kowa, Inna ta ɗaga ta sama ta ce wannan aikin haɗinta ne, shekara da shekaru tana dafawa ba ta fasa ba ko sau ɗaya, har cikin watan haihuwa. Na juya na dubi maigidana da ya leƙo daga ƙofa, sai ga shi ya duƙufa yana nazarin silin. Da muka keɓe ya faɗi gaskiya. Ya je zai yi mata maganar ya tarar tana tace ganyen tana yi mini addu'a, sai bakinsa ya mutu, karo na farko a rayuwarsa. Tun daga nan yake tare ta a matakala ya karɓi robar wai zai kawo mini, ya wuce da ita shago yana goge daɓe. Har yana gaya mini kwastomomi suna yaba ƙamshin wurin. Na so in yi fushi, dariya ta ci ƙarfina.

To yanzu dariyar ta fara ƙarewa. Labari ya bazu a layinmu, mata masu neman haihuwa suna sallama wurin Inna, ita kuma tana dafawa tana ba su kyauta, fuskarta kamar an yi mata albishir da Aljanna. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na ƙawata da kekenta ke kusa da nawa, muna ce mata Maɓalli don ita ke sa wa riguna maɓalli. Shekararta huɗu da aure ba ta taɓa ko ɓari ba. Ranar da na kai 'yar shago su gan ta, ta buɗe jaka za ta ba ni wata 'yar hula da ta saƙa, sai na hango robar Inna a ciki. Ta kama hannuna ta ce na yi dace da suruka, ita ma ta fara, kuma tana ji a jikinta nata ya kusa. Anti, rabon da in ga Maɓalli tana dariya haka har na manta. Na ce mata Allah ya sa, na dawo gida ina jin kamar na tura ta rami.

In na faɗa wa Inna, za ta gane cewa abin da ta yi ta hawa bene da shi don ƙaunata yana cikin abin da ya wahalar da ni, ga ta da hawan jini. In na yi shiru, matan nan za su bi hanyar da na bi, wata ma ƙila ba za ta yi sa'ar da na yi ba. Maigidana ya ce in ba shi izini kawai, zai riƙa yi wa duk wanda ya zauna a kujerarsa bayani su kai wa matansu. Wato sirrina ya zama hirar shagon aski. Ta ina zan fara, Anti?

Taki,
Maman Mai Kumatu

*

Maman Mai Kumatu,

Barka da arziki, Allah ya raya ta ya shirya miki ita. Na karanta wasiƙarki ina murmushi, wajen rabin askin nan kuwa sai da na ajiye takardar na yi dariyata ta ishe ni. Gidanku gidan ƙauna ne, kuma wannan ne ya sa matsalarki za ta warwaru ba tare da an yi asarar kowa ba. Amma ba za ta warwaru da shiru ba, kin ga inda shirun maigidanki ya kai ku.

Ki fara da Maɓalli, kuma a cikin makon nan, don ita ce ke amfani da abin yanzu haka. Kada ki yi mata maganar a shago cikin ƙarar kekuna da kunnuwan mutane. Ki je gidanta ko ki kira ta naki, ki ba ta labarinki kamar yadda kika ba ni, da ƙarnin, da ciwon marar, da abin da likita ta gani. Ba sai kin kushe Inna ba, labarin da kansa ya isa. Za ta iya jin zafi da farko, don kin taɓa abin da ta ɗora ranta a kai, ki yi haƙuri da hakan. Kada kuma ki karɓe mata roba ki bar ta hannu wofi. Ki ce za ki raka ta wurin likitar da ta duba ki, ku tsayar da rana kafin ki tashi, kuma mijinta ya je shi ma. Rashin haihuwa na mutum biyu ne har sai gwaji ya nuna inda yake.

A nan zan ɗan ja miki birki. Abin da likitarki ta faɗa haka yake a wurin masana lafiyar mata. Jikin mace yana da masu gadinsa, yana kuma tsaftace cikinsa da kansa, wankin ciki yana rikita wannan tsari, kuma ana yawan samun rikicewar a wurin matan da haihuwa ta yi wa wuya. Amma ba kowane jinkiri ne daga nan yake ba. Wata ƙwai ne ba ya fita a kan kari, wata hanya ce ta toshe, wani gidan kuma matsalar ta maigida ce, wani lokaci ma a yi duk gwajin ba a ga komai ba. Ke kanki ba wanda zai rantse cewa haɗin ne kaɗai ya tsayar da ke, tunda kin ce ruwan ya riga haɗin zuwa, ga kuma ƙwayoyin kemis da kike sha rabi ki zubar, su ma suna kashe masu amfanin. Don haka kada ki yi wa ƙawarki alkawarin ciki, kuma ko da wasa kada ki ba ta sunan maganin da aka rubuta miki ta je ta saya. Abin da za ki iya yi mata alkawari shi ne za a duba ta da kyau, kuma ba za ta je ita kaɗai ba.

Sai Inna. Na gane tsoronki, amma ina ganin kin raina ƙarfinta. Matar da ta iya nuna wa ɗan'uwa ƙofa don kare ki ba za ta so a bar ta tana cutar da 'ya'yan mutane cikin rashin sani ba. Abin da zai fi ƙona mata rai shi ne ta ji daga bakin wata a waje, ko wata ta kwanta ciwo a ce robarta ce. Ku je mata ku biyu, da rana, bayan ta ci abinci ta sha maganinta, 'yar tana cinyarta. Maigidanki ne zai fara magana, don shi ya ɗauki alkawarin ya kasa cikawa, kuma ya fara da nasa laifin na tare ta a matakala. Ina kyautata zaton za ta yi masa faɗa sosai, faɗan nan kuma zai rage mata nauyin abin da zai biyo baya. Ke kuma ki faɗa mata gaskiya duka biyu, kada ki rage ko ɗaya. Ta farko, likita ta hana wankin ciki da kowane irin haɗi, nata da na kanti, kuma tun kafin cikin ya shiga kika daina. Ta biyu, ba don ita ba da ƙila ba ki kai wannan rana a gidan ba. Wannan ba daɗin baki ba ne, kin san haka yake.

In ta yi gardama, kada ku ja da ita. Ranar da za ki kai 'yar rigakafi ki ce ta raka ki, ki roƙi likitar ta ba ta minti kaɗan. Manya sun fi karɓar irin wannan magana daga bakin wanda ba su goya ba. Ki sanar da likitar tun da wuri wace ce Inna a wurinki, don ta san yadda za ta yi mata.

Kada kuma ku tsaya a hana ta dafawa. Matan da ke sallama wurinta ba roba kaɗai ke kawo su ba, sun samu dattijuwar da za su faɗa wa abin da suke ɓoyewa ba ta yi musu gori ba. Wannan babban abu ne, ba kowace unguwa ke da irinta ba. Ki roƙe ta ta ci gaba da karɓarsu, ta saurare su, ta ce musu su daina wankin ciki, ta tura su asibiti da mazajensu. Waɗanda ta riga ta ba, ita ce ta fi dacewa ta kira su ta gyara maganar, kuma za su fi jin ta fiye da ke. Miji ma da zai yi taurin kai, in Inna ta aika a kira shi zai zo.

Shi kuwa mai aski, kada ki kashe masa niyya, ki dai sa mata iyaka. Yana iya gaya wa maza cewa in haihuwa ta yi jinkiri su bi matansu asibiti a gwada su tare, ya ba da misali da kansa tunda shi ma an gwada shi. Maza suna bukatar jin haka daga bakin namiji. Amma abin da ya shafi jikinki naki ne, ba ya fita daga ɗakinku sai da yardarki. Ki faɗa masa wannan a fili, ba cikin wasa ba.

Ke kuma ki kula da kanki. Jiki bayan haihuwa ɗanye ne, in kika ga wani ruwa ko wari da ba ki yarda da shi ba, ki koma wurin likitarki, kada kunya ta sake riƙe ki. Sauran lokacin ki more 'yarki, kin daɗe kina jira, ba laifi ba ne ki yi murna alhali ƙawarki tana nema. Allah ya ba ta nata cikin sauƙi, ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana, ya bar ku tare cikin wannan farin ciki.

Antinku